Huɗun da Na Yanka a Baibai

Ran Asabar da ta wuce 'yata Sumayya ta shigo da ƙawayenta biyu suna rungume da kwali, wai sun sayo injin manna lamba a kasuwa. A shimfiɗa riga, a ɗora lambar roba, a danna, a ƙirga goma, shi ke nan. Ɗayarsu ta ce, "Inna Rakiya, yanzu kam kin huta. Dama aikin ai ba wani aiki ba ne, yanka da mannawa ne kawai." Ni ba mai saurin baki ba ce. Amma tunda ku ne za ku karɓi rigunan ƙungiyar ƙwallonmu daga hannuna, idona ya fara gajiya, na ga gara in zauna in rubuta muku yadda aikin yake. Robar nan taku wanki biyar za ta yi ta fara ɓarewa a zafin ranar Riyad. In ta ɓare za ku nemi almakashi, to ku karanta wannan kafin ku ɗauke shi.

Lambar farko da na taɓa yankawa a Funtuwa ce, a zauren Gwaggo Asabe, matar da ta koya mini ɗinki. Wata firamare ta kawo rigunan tsere, ana so a sa musu lamba a baya. A lokacin ban san ɗaya ba, ban san biyu ba. Gwaggo tana da kwalaye da ta yanka da siffar kowace lamba, ni kuma ina ganinsu kamar zanen lalle: wannan sanda, wannan agwagwa, wannan kujera a kife. Ta ce da ni, "Rakiya, alli ba ya hawa fuskar yadi, a bayansa ake zane. To in a baya za ki zana, kwalin ma kifa shi za ki yi. In kin manta kin ɗora shi a daidai, lambar za ta fito a baibai, kuma almakashi ba ya mayar da abin da ya ci." Shekara uku na yi a gabanta, kullum sai ta faɗa. Ko tana salla ta ji ƙarar kwali, tana sallamewa za ta ce, "Kin kifa?" Sai bayan na yi aure, da goyon Sumayya a bayana, na shiga ajin yaƙi da jahilci, a can na gano ashe kujerar nan da ke kife ita ce huɗu.

Ɗaya da takwas da sifili ba su da rigima, ko ta ina kika juya su suna nan yadda suke. Biyu da huɗu da bakwai da sauran su ne masu kunyata tela. Ku riƙe wannan.

Da na biyo maigidana nan Riyad, na samu aiki a wani mashgal a Al-Badi'a, wato shagon ɗinkin mata, igamata ma, wato takardar zamana a ƙasar, a ƙarƙashinsu take. Abaya muke yi da kayan biki. A can wata 'yar Filifin da muke zama keke ɗaya ta nuna mini cewa yadin rigar ƙwallo ba a shigarsa da allura mai tsini, sai mai dunƙulallen baki, in ba haka ba zare ya yi ta tsalle, rigar ta yi ƙananan huji. Ta kuma nuna mini kada in ja yadin, in bar keke ya ci da kansa. Yadin lamba ba ya miƙewa, na riga kuwa yana miƙewa, in kika ja ɗaya kika bar ɗaya, ɗan wasa zai fita fili da baya a tattare kamar bakin jaka. Kayan aikina ba su da yawa: keke, almakashi biyu da ba na yarda a yanka takarda da su, alli, dutsen guga, kwalayen lamba da na yanka daga kwalin dabino, sai ɗan ƙarfen farke ɗinki da ba ya barin jakata ko masallaci za ni.

Aikin ƙungiya ya fara ne ranar da Malam Lawali, wani dattijo mutumin Maraɗi mai gadin wani gini, ya yi sallama da buhu a kafaɗa. Riguna goma sha huɗu, kore, duk girmansu ɗaya. Na ce, "Malam, 'yan wasan naku duk tsawonsu ɗaya ne?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, mu a wurinmu riga ba ta da mai ita. A buhu suke zama, ranar wasa kowa ya zura hannu bai duba ba, abin da ya ɗauko shi ne nasa. Mai tsaron gida kaɗai muka ware. Gajere ya cusa a wando, dogo ya yi haƙuri." Na tambayi dalili. Ya ce sun taɓa yin shekara ana faɗa a kan lamba goma, akawu na cewa shi ya fi lebura cancanta, sai taro ya yanke a kashe maganar da buhu.

Haka 'yan ƙungiyarmu, 'Yan Juma'a, suke, kuma ku da kuka taso kuka tarar da su ba ku san abin ba haka yake a ko'ina ba. Ƙungiya ce ta masu kallo, ba ta wani mai kuɗi ba. Direba da lebura da mai shara da akawun ofisoshin unguwar Ulaya, ɗan Nijar da ɗan Najeriya, kowa hannu ɗaya gare shi a taro. Ana zama Juma'ar farkon wata bayan la'asar, a wata istiraha da ake haya, gida ne mai katanga da filin ƙwallo a ciki. Abin da hannu ya fi yawa a kai shi ake yi, ko da wanda ya kawo shawarar jiya ya sauka daga jirgi. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya taɓa zuwa ya ce zai ɗauki nauyin komai, takalma da ƙwallaye da mota, a sa sunan shagonsa a ƙirji, shi kuma ya riƙa zaɓar mai horarwa. Har ya aiko mini da tambarin in gwada. Taro ya zauna aka ƙi. Nura, wani Bakano akawu a Ulaya, shi ne kyaftin kuma shi ne mai bakin ƙungiya, ya ce, "Kwana shida a mako muna da kafil, ubangidan da ke riƙe da igamarmu. Ranar Juma'a ma sai mun nemo wani?" Shi ya sa har yau ƙirjin rigarmu babu komai. Kada wata ta ga fili ta ce za ta yi masa ado.

Mu mata da farko ba mu da hannu. Muna dafa abinci, muna wanki, ina ɗinki, amma in an zo ɗaga hannu sai mu koma gefe da fulas ɗinmu. Isufu ne ya tayar da maganar, wani Badamagare mai aikin gini, ɗan baya, mai yawan barkwanci. Ya ce, "Wadda ta ɗinka rigar ba ta da ta cewa, amma Nura da ko maɓalli bai iya sawa ba yana da ita?" Nura ya ce, "Kai Badamagare, yaushe ka fara sa riga da har za ka yi zancen maɓalli?" Aka yi ta dariya, don Bakano da Badamagare ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Amma aka ɗaga hannu, aka ba mu. Ban manta wanda ya fara faɗa ba.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce shekarar da Isufu ya faɗo. Kamfanin gini ɗaya suke da maigidana, Baban Sumayya, shi yana tuƙa motar ma'aikata. Isufu ya faɗo daga kan katakon gini, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Mai kula da leburori, murakib suke ce masa, bai so a rubuta cewa an yi haɗari a wurinsa ba. Ya sa aka ɗauke shi a mota aka ajiye a ɗakin wani ɗan garinsu, aka ce ya huta. Bayan 'yan makonni sai aka ji an rubuta masa hurub, wato an gaya wa hukuma ya gudu daga aiki. Wanda aka rubuta wa haka ba ya zuwa asibiti da gaba gaɗi, ba ya canza aiki, ba ya tafiya gida cikin mutunci. Malam Lawali ya ɗauke shi ya kai ɗakinsa, wani mai ɗori ya ɗaura ƙafar, ta kama a karkace. Nura ya je ofishin ƙwadago ya tambayo, aka ce ana iya ɗage hurub ɗin, amma sai an samu wanda zai tsaya ya ce a gabansa aka yi, a bakin aiki ya faɗo, ba gudu ya yi ba. Babu wanda ya fito.

Ni na san wanda ya tuƙa motar. Ranar maigidana ya dawo gida bai ci abinci ba, da jini a hannun rigarsa, ni na wanke. Isufu ma ya sani, amma da Nura ya matsa masa sai ya ce shi a sume yake, bai ga kowa ba. Daga baya da na kai masa kunu ya ce da ni a hankali, "Inna, ki ce wa Malam, maigidanki, kada ya damu. Shi yana da iyali, ni ƙafa ɗaya ce." Ga yadda lamarinmu yake: yara uku a igamar babansu suke, ni a ta mashgal. In kamfani ya sallame shi aka ba shi takardar fita ƙasa, yaran su bi shi, ni in zauna sai kwantiragina ya ƙare. Sumayya a lokacin tana ajin ƙarshe na sakandare, ƙannenta kuwa Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, ba su taɓa kwana goma a Funtuwa ba. Shi ya sa muka yi shiru, ni da shi, ko a tsakaninmu ba ma tayar da zancen.

A shekarar ne kuma muka kai wasan ƙarshe a gasar ma'aikata, kuma da ƙungiyar wannan kamfanin za mu kara. Mudir ɗinsu, wato manaja, shi zai ba da kofi, murakib ɗin kuma shi ke horar da 'yan wasansu. Aka kira taro. Nura ya miƙe ya ce a yi babban ƙyalle, a rubuta sunan Isufu da sunan kamfanin da Larabci, a ɗaga lokacin ba da kofi, ni zan ɗinka. Samari suka yi ta tafi. Malam Lawali ya ce, "Nura, nan ba Kano ba ce. Ƙasar nan ba a ɗaga ƙyalle. Ka ɗaga yau, jibi mu duka muna filin jirgi, Isufu kuma yana nan da ƙafarsa." Nura ya ce, "To Baba, mu yi ta shan shayi har ƙafar ta ruɓe?" Aka yi ta ja, murya ta fara tashi.

Ban taɓa magana a taro ba sai ranar. Na ce, "Ku yi haƙuri, ina da 'yar shawara. Rubutu shi ake kamawa. Yadi ba a kama shi. Ku ba ni kayan aikin da Isufu ya faɗo da su, ruwan lemon nan da duk ma'aikacin kamfanin yake sawa, in cire fararen lambobinmu in yanka sababbi daga ciki. Duk wanda ya san kayan zai gane, wanda zai yi ƙara kuma ba shi da abin da zai nuna." Gaskiya ba jarumta ce ta sa ni ba. So nake a yi abin da ba zai kai ƙofar gidana ba. Aka ɗaga hannu, tawa ta wuce ta Nura da kaɗan. Na duba layin maza, Baban Sumayya bai ɗaga wa kowa ba, hannayensa biyu na kan gwiwa.

Kayan suka zo mini ran Litinin a leda. Nan na ga matsala ta farko. Riga goma sha huɗu lamba goma sha tara ke nan in kin ƙirga ɗaya bayan ɗaya, kowace tsawon tafin hannu da rabi. Wandon kuwa an tsarge shi da wuƙa ranar da za a fitar da ƙafar, ɗaya gefen siminti ya ci. Na wanke, na goge, na farke ɗinkin na shimfiɗa, na jera kwalaye ina juya su kamar mai shirya kaya a akwati. Sha bakwai suka fita. Saura bakwai da huɗu, babu yadi. A kasuwa akwai ruwan lemo, amma sabo ne, yana ƙyalli, kusa da wanda rana ta ci sai ya yi ihu. Sai na tuna da tsohuwar rigar aikin maigidana da ke ƙasan akwati, ya daina sawa tun da aka ba su sababbi. Launi ɗaya, kuma ta sha rana daidai da ta Isufu. Ban tambaye shi ba. Tela ba ya ganin yadi a ajiye ya ƙyale.

Kamfanin yana buga wa kowane ma'aikaci lambarsa da baƙin tawada a cikin riga, ƙasan wuya, saboda wanki. Ta Isufu na yanke ta na ajiye gefe tun farko. Ta maigidana ta koɗe har ba a ganinta, kuma a ciki take, bayan yadi, inda zai kwanta a jikin riga. Gaban rigar duk aljihu ne da maɓalli, hannuwa sun mutu, bayan ne kaɗai mai kyau. Na fitar da bakwai lafiya. Ran Alhamis da hantsi, ina sauri motar mashgal za ta zo, na ɗauki kwalin huɗu na ɗora na zana na yanka. Sai da na ɗaga ta na ga abin da na yi. Shekara talatin ina kifa kwali, ranar ban kifa ba.

Huɗun ta fito a baibai. Hanya ɗaya ce ta rage, in juya ta, bayan yadin ya zama shi ne fuska. Abin da ya saura a rigar ko rabin lamba ba zai yi ba. Na kai ta taga na ɗaga a rana, na duba, na sake dubawa. Ban ga komai ba sai ɗan duhu kamar inuwa a kan sandar tsaye. Na ce wa raina wannan ko mai ita ba zai gani ba. Na ɗora na bi ta da zigzag, na goge, na sa a buhu. Abin da ban yi ba shi ne in jiƙa ta. Ku rubuta wannan a bango: tsohon yadi ba a yarda da shi a bushe.

Ran Juma'a istiraha ta cika. Mu mata muna gefen katanga a kan tabarmi, Isufu an zaunar da shi a kujerar roba kusa da benci, ƙafar a miƙe. Aka kawo buhu kowa ya zura hannu. Ina addu'a huɗu ta faɗa wa ɗan benci. Nura ya zaro, ya ɗaga, huɗu. Isufu ya ce, "Kai, Bakano a rigata! A wanke ta da kyau in ya cire." Nura ya ce, "Warin Damagaram ne zai kori 'yan gabansu, ka bari ka gani." Suka fito fili suka juya baya. 'Yan wasan kamfanin leburori ne su ma, Bangali da 'yan Nepal da namu, da yawansu sun san Isufu. Na ga ɗaya ya kalli lambar, ya kalli kujerar roba, ya sunkuyar da kai. Murakib ya yi kamar bai gani ba. Mudir yana can ƙarƙashin rumfa yana danna waya.

Zafi ya fara shigowa a watan. Ana cikin rabin farko aka tsaya shan ruwa, Nura ya ɗauki gora ya juye a kansa, ruwan ya gangara baya. Da ya koma fili ya zo bugun gefe daidai gabanmu, bayansa na kallona, taku huɗu tsakaninmu. Yadin ya jiƙe ya yi duhu, tawadar ta taso. Lambobi uku, baƙaƙe, a kan sandar huɗun, waɗanda nake gani kullum a katin da ke rataye a wuyan maigidana. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Inna, shayin na zuba." Ashe kofin ya karkace a hannuna. Na duba gefen fili, waya ta fi ashirin a sama ana ɗauka. Duk wanda ya tsayar da hoton ya buɗe shi zai karanta, kuma murakib yana da takardar da kowace lamba take da suna.

Sauran mintocin ban san wa ke cin wa ba. Ana busa hutun rabin lokaci na tashi da ƙarfen farke ɗinkina, na je bakin benci, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Malam Lawali, a kira mini Nura." Ya zo yana haki. Na ce, "Juya." Na nuna wa Malam Lawali, na faɗa musu a gajarce yadda aka yi. Baban Sumayya yana nan tsaye da jarkar ruwa, don shi ke raba wa 'yan wasa ruwa, duk ya ji. Nura ya ce, "Lambar Baban Sumayya ce? Subhanallahi. Inna, ba sai kin farke ba, ga mai lamba sha uku a benci, mu yi musanya yanzu, wannan a cusa ta a buhu. Wanda ya ɗauki hoto daga nesa ba zai ga komai ba." Har ya kama gindin rigar zai cire.

Maigidana ya ajiye jarkar ya ce, "Bar ta a jikinka."

Na ce, "Malam, yara."

Bai kalle ni ba, Isufu yake kallo. Isufu ya ce, "Malam, don Allah kada ka yi. Na ce maka na yafe." Nura ya dubi wannan ya dubi wancan, sai a lokacin ya gane wanda ya tuƙa motar. Malam Lawali ya ce, "Wannan ba maganar taro ba ce, wuyan mutum ɗaya ne. Shi zai faɗa." Maigidana mutum ne da in ya yi magana goma a yini to an yi baƙi. Ya ce, "Ranar taro ban ɗaga hannu ba." Sai ya ɗaga hannunsa na dama, shi kaɗai, a gefen fili, kamar ana ƙirga. Ya ce, "Ga shi." Alƙalin wasa ya busa, Nura ya saki gindin rigar ya koma. Na mayar da ƙarfena jaka na koma tabarma.

An ci mu biyu da ɗaya. Da aka zo rataya wa na biyu lambar yabo, Nura ne a gaba, mudir ya rataya masa, sannan duk suka jeru suka juya wa masu hoto baya. Murakib ya matso kusa, ya sunkuya, ya ɗauki bayan Nura da wayarsa. Bai gama ba maigidana ya isa wurin. Da Larabcinsa na direba ya ce wa mudir, "Ba sai an bincika ba, tawa ce. Ni na ɗauko wancan mutumin daga wurin aiki ranar da ya faɗo, da motarku." Ya nuna kujerar roba. Mudir ya dubi Isufu, ya dubi murakib, ya miƙa kofi ga masu shi ya shiga mota.

Washegari aka karɓe makullin mota daga hannun maigidana, aka ce ya zauna a gida sai an neme shi. Ran Lahadi shi da Nura suka ɗauki Isufu suka kai ofishin ƙwadago, ya faɗi abin da ya gani, ya sa hannu. Bayan kwana biyu wasu leburori biyu daga cikin waɗanda suka buga da mu suka je su ma. Daga nan sai jira. Igamarsa saura wata uku, kamfani ya aiko cewa ba zai sabunta ba. Na fara tara kwalaye daga bakala, wato shagon unguwa, ina jera kayan yara, in cika ɗaya in rufe in tura bayan ƙofa. Sumayya tana karatun jarrabawa a kan kwali. A mashgal na ɗinka hannun abaya a baibai sau biyu a mako ɗaya, mai shagon ta ce ko in je a duba idona. Duk ƙarar da wayarsa ta yi sai kowa ya ajiye abin da yake yi.

'Yan Juma'a ba su zauna ba. Malam Lawali ya sa aka raba unguwanni, kowa ya tambaya a inda yake aiki ko ana neman direba da za a karɓi igamarsa. Masu shara a Ulaya suna tambayar 'yan ofis, masu gadi suna tambayar masu gida. Wuri huɗu aka kai shi, uku suka ji labarin suka ce a'a. An ɗage wa Isufu hurub kafin mu mu san matsayinmu, aka karya ƙafar aka sake ɗorawa a asibiti, ya tafi Damagaram da sanda amma ta ƙofar gaba. Namu ya zo saura kwana tara igamar ta ƙare: wani gida a Al-Nasiriya, tsohuwa da 'ya'yanta, suna son direba dattijo. Na buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Sumayya ta rubuta jarrabawarta a nan.

Sai dai direban gida ba shi da Juma'a. Ita ce ranar da ake kai tsohuwa gidan dangi, daga azahar har bayan isha. Tun daga shekarar Baban Sumayya bai sake ganin wasa ko ɗaya ba, bai sake zama a taro ba, jarkar ruwa wani ke ɗauka. Taro ya yanke lambobin ruwan lemo su zauna, in riga ta mutu in farke lambar in mayar a kan sabuwa. Na yi haka sau uku yanzu. To ga abin da nake roƙonku: ku manna robarku a kan rigunan atisaye, ba ruwana. Amma na buhu, in lokacin canji ya zo, ku farke a hankali, allura mai dunƙulallen baki, kada ku ja. Huɗun za ku ga gefenta ya fara zarewa, za ku ga kamar kuskure ne a gyara. Kuskure ne, nawa ne, ku mayar da ita yadda kuka same ta, baya a waje.

Maigidana yakan dawo ran Juma'a a gajiye, ya ajiye makulli a kan firji, ya zauna ya cire takalmi. Ba ya tambaya ko mun ci ko an ci mu. Sai ya sha ruwa tukuna, sannan ya ce, "Yau wa ya ɗauki huɗu?"